Babi na Shida: Likita, Maganin Yana Aiki Kuwa?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon dajin hanta ya san wannan tambaya. Takan fito ne bayan mako uku ko huɗu da fara shan magani, lokacin da dangi sun riga sun yi karo-karo, an sayar da abin sayarwa, ƙwayoyin kuma sun fara raguwa a kwalba. Mai jinya yakan bari majinyaci ya fita daga ofishin likita, sannan ya dawo da baya, ya sassauta murya ya ce, "Likita, don Allah ka gaya mini gaskiya, maganin nan yana aiki kuwa?"

Ni ma na yi wannan tambaya, a kan Kawuna, ƙanin mahaifiyata. Tela ne, shagonsa yana Mandawari, kuma duk yaron da ya tashi a gidanmu na Gwale, ɗinkinsa ya fara sawa ranar sallah. Bai cika shekara 50 ba aka gano ƙari a hantarsa, ƙarin da ya wuce a yi masa aiki. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi. Da na tambayi likitan, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni kaina ban sani ba tukuna. Sai mun ga hoto."

A ranar amsar ta yi mini nauyi. Daga baya na gane iyakar gaskiyar ke nan. Abin da ya rage shi ne mu san wane irin hoto ake nufi, me ake dubawa a cikinsa, da kuma abin da ya rataya a wuyan iyali kafin hoton ya yi amfani.

Fuska ba ta da labarin hanta

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin hanta kuwa fuska ba ta cika saninsa ba. Hanta tana ɓoye a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi, kuma haƙurinta ya yi yawa. Wani sashe nata zai lalace, ragowar ya ci gaba da ɗaukar aikin, mutum yana zuwa kasuwa yana dawowa. Shi ya sa yawancin mutanenmu ba sa isa asibiti sai ciki ya kumbura, ido ya yi shawara, jiki ya zube. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa asibitocin ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya nuna cewa in aka cire Masar, rabin majinyatan ba su wuce shekara 46 ba, kuma kashi 3 cikin 100 kacal suka samu maganin da aka yi domin ciwon. Duk wanda Allah ya ba ikon fara magani a Kano, ya shiga sahun 'yan ƙalilan, don haka bai kamata a bar lamarinsa a hannun hasashe ba.

Bayan an fara maganin ma, fuska tana iya yaudarar mai jinya ta hanya biyu. Ƙwayoyin nan suna kawo gudawa, da hawan jini, da gajiya, da raɗaɗi da saɓar fata a tafin hannu da na ƙafa. Kawu ya kai lokacin da ba ya iya taka keken ɗinki saboda tafin ƙafarsa, har iyalinsa suka ce maganin nan kashe shi yake yi. Alhali wahalar magani daban, halin da ƙari yake ciki daban. Haka kuma akan zuƙe wa majinyaci ruwan da ya taru a cikinsa, ya samu sauƙin numfashi, ya ci tuwo, gida ya cika da murna, ƙari kuwa yana can yana faɗaɗa.

Akwai gwajin jini da ake kira AFP, wanda ke auna wani sinadari da ƙarin hanta yakan zuba a jini. In ya yi sama kafin magani sannan ya sauko sosai, alama ce mai daɗi. Sai dai majinyata da yawa ƙarinsu ba ya ɗaga wannan lamba tun farko. Gwajin jini ji ne, hoto kuwa gani ne, gani kuma ya kori ji.

Idanu uku

Da idanu uku likita yake leƙa cikin hanta ba tare da wuƙa ba.

Na farko shi ne sikanin da kowa ya sani, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. A shafa mai a ciki, a ɗora kan na'ura, ta aika sauti wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke ciki ya dawo, kwamfuta ta mayar da amsa-kuwwar ta zama hoto. Yana da araha, ba ya cutarwa, kuma akwai shi a unguwanni da yawa. Shi ake so mai ciwon hanta nau'in B da ke cikin haɗari ya riƙa yi duk wata shida. Amma wajen bin sawun magani yana da rauni. Abin da ya nuna ya danganta da hannun mai riƙe da na'urar da kusurwar da ya ɗora ta, iskar hanji da haƙarƙari kuma suna tare masa gani. Awon yau da na wata biyu masu zuwa suna iya bambanta don kawai hannu ya canja.

Na biyu shi ne hoton CT. Asalinsa hasken nan ne da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, ya sa hasken ya riƙa zagaya jiki, kwamfuta tana haɗa abin da ya gani. A 1971 aka fara gwada na'urarsa a kan majinyaci a Landan, a 1979 kuma ya samu lambar Nobel. CT yana nuna hanta yanka-yanka, kamar yadda mai shayi yake yanka burodi, kowane yanki siririn gaske. Yana da sauri, kuma a zama ɗaya ana iya duba ƙirji da ciki gaba ɗaya.

Na uku shi ne hoton MRI, wanda ke aiki da ƙarfin maganaɗisu. Ya fi CT iya bambanta nama da nama, ya fi shi ganin ƙananan ƙari, amma ya fi tsada, ya fi ɗaukar lokaci, kuma yana buƙatar majinyaci ya kwanta shiru a cikin rami mai ƙara, yana riƙe numfashi sau da yawa. Wanda ruwa ya cika masa ciki yakan sha wuya a nan.

A Kano ana samun CT da MRI a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, inda cibiyar gwaje-gwajen da hukumar asusun zuba jarin ƙasa, NSIA, ta gina ta fara aiki a 2020, da kuma wasu cibiyoyi masu zaman kansu. Domin bin sawun magani, CT ko MRI ake nema, kuma da sharaɗi guda: a yi shi da ruwan rini.

Abin da marina ta koya mana

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake yin zane mai ado. A ɗaɗɗaure wasu wurare da zare, a tsoma yadin cikin baba. Inda yake a sake ya sha rini, inda aka ɗaure ya fito fari. Rinin ne ke tona inda ruwa ya shiga da inda bai shiga ba.

Haka ake yi wa hanta. Ma'aikatan ɗakin hoto suna ɗura wa majinyaci wani ruwa ta jijiyar hannu, suna ce masa kwantiras. Ruwan yana bin jini, kuma duk inda ya isa sai wurin ya yi haske a hoto. Mutum yakan ji ɗumi ya ratsa jikinsa, wani lokaci da ɗanɗanon ƙarfe a baki, cikin ɗan lokaci ya wuce.

Abin da ya sa wannan dabara ta dace da hanta shi ne, ta hanya biyu jini yake shigar ta. Kashi uku cikin huɗu yana zuwa ne a hankali ta wata babbar jijiya da ke tasowa daga hanji. Kashi ɗaya kuma yana zuwa da sauri ta jijiya mai harbawa, wadda ke ɗauko jini daga zuciya. Lafiyayyar hanta ta fi dogara da ta farko. Ƙarin daji kuwa kusan duk abincinsa daga ta biyu yake samu.

Saboda haka ake ɗaukar hoton a matakai, da agogo a hannu. Kamar sakan 35 bayan an fara ɗura ruwan, ya riga ya iso ta jijiya mai harbawa amma bai zagayo ta hanji ba. A wannan lokacin ƙari mai rai yana yin fari tas a tsakiyar hanta mai duhu. Bayan kamar sakan 70, ruwan ya iso ta babbar jijiya, hanta ta yi haske, ƙarin kuma ya fara dusashewa. Bayan minti uku zuwa biyar a sake ɗauka, a ga ƙarin ya fi abin da ke kewaye da shi duhu. Wannan saurin sha da saurin zubarwa shi ne tambarin dajin hanta. A hantar da ta riga ta ƙanƙance, likitoci sukan tabbatar da ciwon da wannan tambari kaɗai, ba sai an tsaga an ɗebo nama ba.

Hoton farko da aka yi wa Kawu, a wata cibiya aka yi shi ba tare da ruwan rini ba, domin ya fi sauƙin kuɗi. Likita ya ɗaga shi ya duba, ya girgiza kai, ya ce yana ganin akwai ƙari amma ba ya ganin halinsa. Dole muka sake biya aka yi wani da ruwan rini, shi muka ɗauka a matsayin hotonsa na farko. Arahar nan ta jawo mana asarar kuɗi da ta mako biyu.

Littafin awo

A shagon Kawu akwai wani tsohon littafi mai baƙin bango, gefensa duk ya yi laushi saboda yawan buɗewa. A ciki yake rubuta awon kowa: tsayi, kafaɗa, hannu, wuya. In uwa ta kawo yaro ta ce ya girma, ba ya gardama, sai ya buɗe shafin bara, ya ɗora tef, ya ce, "Hajiya, inci biyu ya ƙaru." Da awon bara yake gane girman bana.

Likitan hoto ma haka yake aiki. Hoto guda ba ya faɗar ko magani yana aiki. Sai an ajiye biyu gefe da gefe, na kafin magani da na bayansa. Shi ya sa hoton da aka ɗauka dab da fara magani, a cikin makonni huɗu na ƙarshe in da hali, ya fi kowane hoto daraja. Shi ne shafin farko na littafin awo.

Domin kada kowane likita ya auna yadda ya ga dama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar awo a 1979. A shekarar 2000 aka sauƙaƙa ta aka sa mata suna RECIST, aka kuma gyara ta a 2009. Ga yadda take. A zaɓi ƙari mafi girma, kada su wuce biyu a hanta, kada su wuce biyar a jiki duka. A auna kowanne ta inda ya fi tsawo, a haɗa jimla. A hoto na gaba a sake auna su, su ɗin dai.

A ce jimlar farko santimita 10 ce. In ƙarin duk sun ɓace, an samu cikakkiyar nasara. In jimlar ta ragu da kashi 30 cikin 100 ko fiye, wato ta koma 7 ko ƙasa, ciwo ya ja da baya. In ta ƙaru da kashi 20 cikin 100, wato ta kai 12, ko kuma wani sabon ƙari ya ɓullo ko'ina a jiki, ciwo ya ci gaba. Abin da ya faɗa tsakanin waɗannan, sai a ce ciwo ya tsaya cik. Waɗannan huɗun su ne hukuncin da ake nema a ƙarshen takardar sakamako.

Ranar da tef ya kasa

Wannan awo ya yi aiki shekara da shekaru, domin tsofaffin magungunan daji suna kashe ƙwayoyin ciwo kai tsaye, ƙari ya motse, tef ya shaida. Dajin hanta kuwa bai taɓa jin waɗannan magunguna sosai ba. Har zuwa 2007 babu wani maganin sha da aka tabbatar yana ƙara wa mai wannan ciwo kwana.

A shekarar ne aka amince da sorafenib. An gwada shi a wani bincike mai mutum 602, wanda Josep Llovet na Basalona da abokan aikinsa suka wallafa a 2008. Rabin waɗanda suka sha maganin sun kai wata 10.7 a raye, waɗanda ba su sha ba kuwa wata 7.9. Lokacin da ciwo yake ɗauka kafin ya ci gaba a hoto ya tashi daga wata 2.8 zuwa 5.5. Amma da aka ɗora tef, kashi 2 cikin 100 ne kawai ƙarinsu ya ragu yadda ƙa'ida ta nema. Magani yana ƙara kwana, awo kuma yana cewa bai yi komai ba.

Sirrin yana cikin yadda maganin yake aiki. Ƙari kamar mai satar wutar lantarki ne. Yana girma yana jona wa kansa sababbin wayoyi, wato ƙananan jijiyoyin jini, daga babban layi. Sorafenib da ɗan'uwansa lenvatinib suna hana wannan jone-jone, su tsinke wasu daga cikin wayoyin. In ka hau Goron Dutse da dare ka dubi unguwa, gidan da aka yanke wa wuta yana nan a tsaye, katangarsa ba ta ragu da taku ɗaya ba, amma ya yi duhu. Mai auna katanga zai ce babu abin da ya canja. Mai duba haske ya san an yi aiki.

A auna mai rai

Ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta fara cewa a auna sashen ƙari mai rai tun 2001. A 2010 Riccardo Lencioni, likitan hoto ɗan Italiya, da Llovet suka fitar da gyararriyar ƙa'ida mai suna mRECIST. Lissafin bai canja ba, kashi 30 da kashi 20 suna nan. Abin da ya canja shi ne inda ake ɗora tef. A daina auna ƙarin gaba ɗayansa, a auna sashen da ya yi haske a hoton sakan 35, domin shi ne ke shan jini, shi ne mai rai.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A binciken lenvatinib da aka wallafa a 2018, masana sun duba hotunan majinyata da ƙa'idojin biyu. Da tsohon awo, kusan kashi 19 cikin 100 ne aka ce ciwonsu ya ja da baya. Da sabon awo, adadin ya kai kusan kashi 41. Mutanen su ɗin ne, hotunan ma su ɗin ne, wurin ɗora tef ne ya bambanta.

Na ga wannan da idona. Wata biyu da fara magani aka yi wa Kawu hoto na biyu. Na karɓi takarda na karanta a cikin adaidaita sahu, na ga girman ƙarin bai ragu ba. Har muka isa asibiti ban iya haɗa ido da shi ba. Likita ya sa faifan farko da na biyu a kwamfuta, ya jera su, ya juyo da allon wajenmu. A na farko, ƙarin fari ne fat kamar farin wata. A na biyu, tsakiyarsa ta yi baƙi, sai wani siririn haske a gefe ɗaya, kamar jinjirin wata.

Kawu ya matso da kujerarsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Likita, wato rigar tana nan yadda take, mai rigar ne ya rame?"

Likita ya ce, "Haka ne, Alhaji. Baƙin nan ya mutu. Wannan farin na gefe shi ne muke yaƙi da shi yanzu. Kada ka daina shan magani."

Wannan gargaɗi na ƙarshe yana da dalili. Duhu a hoto yana nufin jini ya ragu a wurin, amma bai tabbatar da cewa kowace ƙwayar ciwo ta mutu ba. Garwashi yakan kwana a cikin toka. In aka daina magani don an ga hoto mai kyau, wayoyin da aka tsinke suna iya sake jonuwa.

Sababbin magunguna

Tun daga 2020 an samu wani sauyi. Binciken da aka wallafa a shekarar ya nuna cewa haɗin magunguna biyu na ɗurawa, atezolizumab da bevacizumab, ya fi sorafenib ƙara kwana. Na farkon yana buɗe wa garkuwar jiki ido ne ta gane ƙari ta far masa. Tsadarsu ta sa har yanzu 'yan kaɗan ne ke iya kai hannu gare su a ƙasarmu, amma suna da wani hali da ya kamata a sani. Wani lokaci sojojin garkuwar jiki sukan yi cincirindo a cikin ƙari, ya kumbura a hoton farko kamar ciwo ya ci gaba, daga baya kuma ya motse. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Amma in majinyaci yana jin ƙarfin jikinsa, gwajin jininsa kuma bai lalace ba, likita yana iya cewa a ci gaba da magani, a sake hoto bayan mako huɗu zuwa takwas kafin a yanke hukunci.

Aikin da ke hannun iyali

Na'ura da likitan hoto suna da nasu aikin. Amma rabin amfanin hoto a hannun masu jinya yake.

Akan maimaita hoton duk wata biyu zuwa uku. A yi ƙoƙari ya zama iri ɗaya: wanda ya fara da CT ya ci gaba da CT, in da hali ma a wuri ɗaya. Tela ba ya auna bara da inci, bana da taƙi.

A karɓi faifan hoton, kada a tsaya ga takardar sakamako kaɗai. A rubuta kwanan wata a jikinsa, a adana shi inda zafi da ruwa ba za su taɓa shi ba, a kuma tafi da duk na baya ranar da za a yi sabo. Likitan hoton da ba a ba shi na baya ba, iyakarsa ya faɗi abin da ya gani yau, ba shi da abin kwatantawa. A tabbata kuma takardar da likita ya rubuto ta faɗi sunan maganin da ake sha da ranar da aka fara.

Kafin a ɗura ruwan rini akan gwada ƙoda, domin ta nan yake fita. Mai ciwon suga, da mai asma, da wanda ruwan ya taɓa yi wa illa, su faɗa tun kafin su kwanta. Mai shiga MRI ya cire duk wani ƙarfe, ya kuma sanar in akwai ƙarfe ko na'ura a jikinsa. Riƙe numfashi na 'yan sakanni yana gyara hoto ƙwarai. Kawu a gida ya riƙa koyo, ƙaramar 'yarsa tana ƙirga masa.

Maganar kuɗi kuwa, na san irin tunanin da ke zuwa: ga kuɗin magani na wata ya ƙarato, ga kuɗin hoto, me zai hana a bar hoto a sayi magani? Amsar ita ce hoton ne ke tsare kuɗin maganin. Ba don shi ba, iyali suna iya shafe wata huɗu suna sayen ƙwayoyin da suka daina aiki, majinyaci yana shan wahalarsu a banza. Ko kuma su jefar da maganin da yake aiki, don sun ga tafin ƙafa ya saɓe.

Abin da hoto ba ya gani

Mai dajin hanta yawanci ciwo biyu yake ɗauke da su: ƙarin, da kuma hantar da ciwon hanta nau'in B ya daɗe yana ci. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan mutum 8 cikin kowane 100 na baligai a Najeriya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta. Ƙari yana iya yin duhu a hoto, ragowar hantar kuma ta gaji. Saboda haka likita yake haɗa hoton da gwajin aikin hanta, ya duba shawara, da ruwan ciki, da daskarewar jini, da hankalin majinyaci, ya kuma tambayi ko yana iya tashi ya yi alwala da kansa. Shi ya sa kuma ake ci gaba da maganin ƙwayar cutar, irin su tenofovir, tare da na dajin. A cikin hoton ma ba ƙari kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko ya kutsa cikin babbar jijiyar nan ta hanji, ko ya tsallaka huhu ko ƙashi.

Hoto na uku na Kawu ya yi kyau kamar na biyu. An rage masa yawan ƙwayoyin, ƙafarsa ta warke, ya koma shago na 'yan sa'o'i da safe. A azumin shekarar ya ɗinka wa 'ya'yansa kayan sallah da hannunsa, ya rubuta sabon awonsu a littafin nan mai baƙin bango. A hoto na huɗu, jinjirin watan nan ya cika, wasu ƙananan ɗigo biyu kuma suka bayyana a huhu. Likita bai ɓoye masa ba. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Na gode da ka nuna mini da idona." Ya samu lokacin da ya biya bashin da ke kansa, ya mayar wa mutane yadudduka da bai ɗinka ba, ya nemi gafarar waɗanda yake so ya nema. Da a makance muke tafiya, da ba mu san ranar da ya kamata a ci gaba da magani ba, da kuma ranar da ya kamata a tsaya.

Hoto yana amsa tambayar da muka fara da ita, amma amsar takan haifi wata. In ya nuna magani ya daina aiki, me ya rage? Akwai magani na biyu da za a koma? Yaushe ne ci gaba da magani yake zama wahala marar amfani, kuma yaya ake kwantar wa majinyaci da ciwo, a kula da cinsa da barcinsa da mutuncinsa a ɗakinsa, cikin iyalinsa? Wannan shi ne abin da za mu duba a babi na bakwai.